Miyar Toka da Zuciyar Kaka

A gidanmu an san ni da abu ɗaya. Idan na ga ɓera a ɗakin girki, kafin labarin ya kai tsakar gida ya zama gafiya, kafin ya kai zaure ya zama ɗan akuya. Ni ban ɗauki wannan a matsayin ƙarya ba. Labari ne yake zuwa min a rame, ni kuma in ɗan kiwata shi. Baba dai bai taɓa fahimtar wannan sana'a tawa ba. Shi ya sa da aka ba mu hutun bazara, ina aji biyu a babbar sakandare, ya ce in haɗa kayana in tafi ƙauyenmu a ƙasar Miga in zauna da mahaifiyarsa, ko kunnuwan mutanen Dutse sa huta.

Kaka tsohuwa ce 'yar firit, amma muryarta in ta kira akuya har ta maƙwabta sai ta amsa. Tunda aka haife ni take ce min Maigida, ni kuma ina ce mata uwargida. Kullum cikin ƙorafi take wai ta auri rago, ba cefane ba sutura, sai cin tuwo. Ita kaɗai ce a gidan tun rasuwar kakana, sai dai Goggo, ƙanwar Baba, tana aure a bayan masallaci, kuma ba ta wuni ba ta leƙo ba.

Watanni kafin zuwana, Baba ya kai Kaka asibiti a Dutse. Aka ce tana da hawan jini, ƙodarta ma ta fara gajiya. Aka ba ta magungunan da za ta riƙa sha kullum, aka kuma kafa mata doka: ba gishiri, ba kanwa, ba dunƙulen miya. Kaka ba ta wasa da maganar likita. Ranar da ta dawo ta juye gishirin gidan kaf a gaban tumaki. Kanwar kuma ta ba Goggo.

Matsalar ita ce miyar kuka ba gishiri ba kanwa ba miya ba ce, koren ruwa ne. Kaka ta daure na ɗan lokaci, sannan ta tuna abin da ta ga uwarta tana yi lokacin da gishiri yake wuyar samu. Sai ta tara karan gero ta ƙona shi ƙurmus. Ta kwashe tokar ta zuba a tsohuwar tukunya mai huji a gindi, wadda aka shimfiɗa wa ciyawa a ciki. Ta zuba ruwa a kai, ta ajiye kwano a ƙasa. Ruwan ya riƙa ɗiga a hankali, ja-ja kamar shayi. Wannan shi ne ruwan toka. Dama mutanen ƙauyenmu suna ɗan ɗiga shi a miya don ta yi yauƙi, amma ɗigo ne. Kaka kuwa, tunda shi kaɗai ya rage mata, da ludayi take zubawa. Har tafasa shi take yi ya ƙafe ya ƙara ƙarfi. Tana sawa a miya, tana sawa a wake, in cikinta ya kumbura ta kurɓi kaɗan.

Ranar da na fara ɗanɗana miyar nan sai da na duba ko harshena yana nan.

"Uwargida, wannan miya ce ko sabulun wanki?"

"Ci ka yi shiru, miji marar cefane ba ya zaɓen miya."

"Likita ya yarda da wannan?"

"Ya ce gishiri. Ya ce kanwa. Ya ce dunƙule. Ka ji ya ce toka?"

"Ai ban je ba."

"To ni na je. Bai ce ba."

Maganar ta zauna. Goggo ma ta ce dabara ce mai kyau. Ni ne ma mai jido karan daga bayan gida.

Bazarar nan ta yi zafi ƙwarai. Ƙadangaru ma a guje suke tsallaka tsakar gida suna ɗaga ƙafa. Kaka kuma ba mai shan ruwa ba ce, wai yawan shan ruwa na ragwaye ne.

Wata safiya na farka ban ji ƙarar tsintsiya ba. Wannan shi ne abin da ya fara tsorata ni, domin tsintsiyar Kaka ce take tashin zakaran gidan, ba shi yake tashinta ba. Na fito na same ta zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, ta miƙe ƙafafu, buta a gefenta. A zaune ta yi sallah.

"Uwargida, yau yajin aiki ake yi?"

"Ƙafafun ne suka ƙi ni," ta ce. "Kamar an cika su da yashi. Leɓena kuma kamar tururuwa na yawo a kai."

Muryar ba tata ba ce. Ƙasa-ƙasa take fita, da hutu a tsakanin kalmomi. Na ce ta kama ni ta tashi. Ta kama, ta yunƙura, ta koma. Hannunta sanyi ƙalau a wannan zafi.

A makaranta malamin ilimin halittu ya taɓa sa mu mu ji bugun jinin juna a wuyan hannu. Ranar ni shirme na yi, na riƙe hannun abokina na sanar da aji cewa ya rasu. Amma na koyi inda ake ɗora yatsu. Na kama hannun Kaka.

"Sakar min hannu da safiyar Allah, mutane sa ce me?"

"Ai da aurenmu."

Na daɗe ban ji komai ba. Can na ji bugu ɗaya. Na jira. Na jira har na zaci yatsuna sun goce, sannan wani ya zo. Na ɗora ɗaya hannun a wuyana don in gwada da nawa. Nawa yana yin uku kafin nata ya yi ɗaya, wani lokacin ma ya wuce haka. Kuma nata ba ya zuwa a kan tsari. Sai ya zo biyu a jere, sai ya ɓace.

Na ruga na kira Goggo, na dawo na ɗauki 'yar wayar Kaka na kira Baba. Yana ofis, ina jin hayaniyar mutane a bayansa.

"Baba, Kaka ba lafiya. Zuciyarta tana tsayawa."

"Zuciyarta tana tsayawa," ya maimaita, a irin muryar da yake karanta sakamakon jarrabawata. "Kamar yadda rijiyar makarantarku ta haɗiye ɗalibai bakwai?"

"Baba, wannan daban ne."

"Kamar macijin da ya fi taɓarya kauri, da muka je muka tarar da igiyar guga?"

"Wallahi Baba..."

"Kada ka rantse min. Ba ni ita."

A nan aka samu cikas. Baba ɗan fari ne, kuma Kaka irin matan da ce masu tsananin kunyar ɗan fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta zama su yi hira, ko kallonsa ba ta cika yi ba. Waya kuwa ba ta taɓa karɓa ta yi magana da shi ba, sai dai a faɗa mata ta ba da amsa a isar. Na miƙa mata wayar, ta kawar da kai.

"Ka ce wa wancan lafiyata lau. Gajiya ce."

Baba ya ji ta. "To ka ji," ya ce. "Ka ba ta kunu ta sha maganinta. Ranar Asabar ina tafe. Ina da taro yanzu."

Na san idan ya kashe wayar nan shi ke nan. Goggo ta iso tana tsaye tana salati, amma ita ma cewa take wataƙila ciwon shawara ne, a jiƙa mata saiwa. Ba wanda zai ɗauki tsohuwa zuwa Dutse a kan maganar yaron da ya taɓa cewa ya ga kada a kwatar gidansu. Na nemi kalmar da za ta fi "tana tsayawa" girma, na rasa. Duk manyan kalmomin na riga na kashe su a kan ɓeraye.

"Baba, kada ka kashe. Ba zan ƙara cewa komai ba. Zan riƙe hannunta, duk bugun da na ji zan ce 'nan'. Kai dai ka saurara."

Bai kashe ba. Na maƙale wayar a kafaɗa, na ɗora yatsuna.

"Nan."

Kaza ta wuce.

"Nan."

Daga nan sai babu. Ina jin numfashin Baba a kunnena. Ina jin wani a ofishinsu yana dariya can nesa. Na danna yatsuna har na ji tsoron zan ji mata ciwo.

"Kana nan?" in ji Baba.

"Ina nan. Shi ne bai zo ba." Sai ga shi. "Nan."

Na ji an ja kujera da ƙarfi. Muryar Baba ta canza gaba ɗaya. "Ba Goggonka wayar. Ku nemi mota yanzu, ko ta wace ce. Ni ma na taso, mu haɗu a hanya."

Muka fara biyawa ta ƙaramin asibitin ƙauye, a kan amalanken maƙwabcinmu. Malamin asibitin ya ɗaura mata abin awon jini, ya riƙe hannunta yana kallon agogo, sannan ya dubi magungunanta da na kwaso a leda. Bai yi dogon bayani ba. Ya ce wannan ya fi ƙarfin abin da yake da shi, mu wuce Dutse kai tsaye inda katinta yake, kuma kada a ba ta maganin yau. Shi da kansa ya tsayar mana da wata ƙaramar bas da ke lodin kasuwa. Fasinjojin kujerar tsakiya suka sauka ba wanda ya yi gardama. Aka kwantar da Kaka, kanta a cinyar Goggo, ni kuma na tsuguna a ƙasa tsakanin buhun riɗi da ƙafafun mutane, hannunta a nawa. Goggo, duk da rikicewar da ta yi, sai da ta koma gida ta ɗauko kula cike da ɗumamen tuwo da miya, wai abincin birni ba ya zama a cikin Kaka.

Direban ya yi gudu, Allah ya saka masa. Amma a wurina motar nan rarrafe take. Kafin Jahun Kaka ta yi amai. Bayan nan ta daina magana. Idonta a buɗe, amma ba ta kallon kowa.

"Uwargida," na ce, "in kika ci gaba da wannan lalaci zan mayar da ke gidanku."

Na ƙara matsawa kusa da kunnenta.

"Na ga wata a Dutse, tana da haƙora duka."

A ranar lafiya wannan maganar za ta jawo min zagi har zuwa kakan kakana. Yau ko gira ba ta ɗaga ba. Wata mata a kujerar baya ta fara karanta addu'a a hankali, sauran suka kama. Ni ban iya ba. Abin da nake yi kawai shi ne jiran bugu na gaba. In ya zo ma ba na samun sauƙi, domin sai in fara jiran wani.

Mun wuce Kiyawa kaɗan muka hango Baba a bakin titi, ya sauka daga motar abokin aikinsa yana ɗaga hannu biyu. Ba hula a kansa. Tunda nake ban taɓa ganin Baba a waje ba hula ba. Ya leƙo ta taga ya ce, "Inna," sau ɗaya. Bai jira a mayar da ita waccan motar ba, ya shigo ya matse a bakin ƙofa, ya ce wa direba ya taka.

A ɗakin gaggawa wata likita ce ta karɓe mu, matashiya, siririya, mai tabarau, tana magana da sauri kamar ana bin ta. Kafin Baba ya gama bayani ta sa an manna wa Kaka wasu wayoyi a ƙirji da hannu da ƙafa. Na'urar ta tofo wata doguwar takarda mai zane. Na leƙa ta bayan nas. A littafinmu na makaranta zanen bugun zuciya yana da tsini ɗaya siriri, sai ɗan tudu mai laushi a bayansa. Na Kaka ba haka yake ba. Tsinin ya baje ya yi faɗi, tudun kuma ya miƙe tsaye ya yi kaifi kamar kan rumbu. Tsakanin wani da wani kuwa fili ne da za a iya yin ƙwallo.

Likitar ta kalli takardar, ta daina sauri. Wannan ya fi saurin ban tsoro. Ta faɗa wa nas sunayen magunguna, aka ɗebi jini aka ruga da shi, aka sa wa Kaka allurar ruwa. Ta ce ba za ta jira sakamakon jinin ba. Ta ɗura wata allura a hankali tana kallon allon da ke nuna bugun, sannan aka rataya ruwan sukari da wani magani a ciki, aka ɗaura wa Kaka abin shaƙa mai fitar da tururi a hanci.

"Likita, mene ne?" in ji Baba.

"Ina zargin wani sinadari ne ya yi mata yawa a jini. Fotasiyam." Ta dube ni, ta ga na ɗaga kai. "Ɗan makaranta ne? Kun yi shi?"

"Mun yi, amma ranar ina bayan aji."

"To matso gaba yau." Ba ta ɗauke ido daga allon ba take magana. "Naman zuciya ƙwayoyin halitta ne ƙanana, kuma da lantarki suke aiki. Kowace ƙwaya tana da ƙofofi a jikinta. Fotasiyam a ciki yake taruwa, a waje kaɗan ne. Idan za a yi bugu, wasu ƙofofi su buɗe, sodiyam ya faɗa ciki, ƙwayar ta harba. Daga nan sai ƙofofin fotasiyam su buɗe, ya fita, ƙwayar ta koma ta huta ta shirya wa bugu na gaba. Ka san famfon tuƙa-tuƙa?"

"Ni ne injinsa a ƙauye."

"In ba ka bar hannun ya koma sama sosai ba ka sake dannawa, ruwa zai zo?"

"Sai dai tsiyaya."

"To haka ne. In fotasiyam ya cika a waje, bambancin ciki da waje ya ragu, ƙwayar ba ta komawa hutunta har ƙarshe. Ƙofofin da za su kawo bugu na gaba ba sa shiryawa. Saƙon lantarkin ya riƙa tafiya da kyar. In ya ƙara yawa, sai ya daina tafiya."

Ba wanda ya tambaye ta abin da zai faru in ya daina.

Muna tsaye muna kallon allo, sai tsinin nan mai faɗi ya fara tsukewa. Filin da ke tsakani ya ragu. Kaka ta motsa, ta kai hannu za ta cire abin hancinta, nas ta riƙe. Goggo ta fashe da kuka tana hamdala. Amma likitar ba ta saki fuska ba. Sakamakon jini ya dawo, ta duba, ta ce zarginta ya tabbata, kuma adadin ya kai inda ba a wasa da shi.

"Ku fahimce ni," ta ce. "Allurar farko kare zuciyar take yi na ɗan lokaci. Sauran kuma tura fotasiyam ɗin suke yi ya ɓuya a cikin ƙwayoyin jiki. Bai fita ba. Nan da wasu awanni zai dawo. Hanyar fitarsa ƙoda ce, ta fitsari. In ƙodar ta ƙi, sai wankin ƙoda. Kuma dole in san daga ina yake shiga. Ɗaya daga cikin magungunanta yana riƙe shi a jiki, zafin nan ma ya busar da ita, amma ina jin akwai wani abu. Me take ci?"

"Likita, ko gishiri ba ta taɓawa," in ji Baba. "Duk dokar da aka ba ta tana bi."

"Gishirin kanti na masu hawan jini fa?"

"Ba mu taɓa saya ba."

"Ayaba? Dabino da yawa? Jiƙo ko wani maganin gargajiya? Maganin ciwon jiki na kemis?"

Goggo ta ce babu ko ɗaya, kuma gaskiya ta faɗa. Ba wanda ya kawo toka a ransa, har ni. A wurinmu toka ba abinci ba ce, ba magani ba ce, toka ce kawai. Likitar ta ɗan tsaya, aka kira ta gado na gaba, ta tafi.

Bayan azahar aka cire wa Kaka abin hancin. Ta buɗe ido sosai, ta dubi silin, ta dube ni.

"Maigida, wa ya kawo ni gidan mutane ba mayafi?"

Na ji kamar in yi tsalle in taɓa fanka. Goggo ta yafa mata gyale, ta ce tun jiya da daddare ba abin da ya shiga cikinta, ga amai ta yi. Ta jawo kular nan ta buɗe. Warin miyar ya tashi. Ta gutsuro tuwo, ta dulmiya shi a miya sosai yadda zai wuce da sauƙi, ta ce, "Inna, buɗe bakin, ko loma biyu ce."

Ni kuwa daɗi ya sa bakina ya dawo aiki. Likitar tana wucewa da takardu a hannu na ce, "Likita, in kuna da ƙarfen da ya yi tsatsa ku kawo a tsoma a miyar nan. Jiya cokali na bari a ciki, da safe sai mariƙin na tarar."

"Kai, ka fara ko?" in ji Baba.

Likitar ta wuce taku biyu, ta tsaya, ta dawo. "Me ke cikin miyar?"

Baba ya ce, "Wasa yake yi, Likita, haka yake..."

"Goggo, dakata da lomar nan," in ji likitar. Ta riƙe hannun Goggo, tuwon yana dab da leɓen Kaka. Ta juyo gare ni. "Me ya sa ka ce tana cin cokali?"

"Ruwan toka ne. Na karan gero."

"Ɗigo nawa take sawa?"

"Ba ɗigo ba ne. Ludayi ne. Wani lokacin biyu." Na ga Baba yana hararata, na ce, "Wannan ban ƙara komai ba. A tambayi Goggo."

Goggo ta gyaɗa kai a hankali. Ta ƙara da cewa har kurɓa take yi in cikinta ya kumbura. Likitar ta karɓi kular, ta shinshina, ta rufe ta da kanta, ta ajiye can ƙarƙashin tebur.

"Kakata ma tana yi," ta ce. "Ban kawo shi a raina ba. Abin da ke cikin tokar kara, yawancinsa fotasiyam ne. Mai lafiyar ƙoda zai ci ɗan kaɗan ya fitar. Ita tata ƙodar ba za ta iya ba, ga magani yana riƙe shi."

Goggo ta kalli lomar da ke hannunta kamar kunama ce. Ta rasa inda za ta sa ta, sai nas ta miƙo mata kwandon shara.

"'Yar nan," in ji Kaka daga kwance, "wancan likitan bai ce toka ba."

"Bai ce ba, Iya. Ni na ce yanzu."

Aka sa wa Kaka robar fitsari, aka ƙara mata ruwa, aka yi mata allurar da ke sa ƙoda aiki. Nas ta ja labule ta kore mu ni da Baba, domin Kaka ta ce in ɗanta ya ga jakar fitsarin nan gara a bar ta ta mutu. Muka zauna a benci a baranda. Likitar ta ce in la'asar ta wuce jakar ba ta samu komai ba, za a fara shirin wankin ƙoda, kuma ba ta son jikin Kaka ya kai ga haka a yadda zuciyar take.

Ban taɓa zaton zan ga ranar da babban ma'aikacin gwamnati zai zauna yana jan carbi a kan fitsari ba. Amma ban yi dariya ba, don ni ma abin da nake roƙo ke nan. Ta ƙasan labule ina hango ƙafar gadon da gefen jakar, a shafe kamar ledar da ba a taɓa amfani da ita ba. Ƙarar na'urar tana fitowa, ɗit, ɗit, kuma kunnena ya riga ya koyi tsarinta. Can wajen la'asar na ji kamar tazarar ta fara buɗewa. Na dubi Baba, na ga shi ma ya ji. Likitar ta shiga da sauri, na ji tana cewa a sake rataya ruwan sukarin. Aka kira sallah, muka je muka yi a masallacin asibiti. Ban san abin da liman ya karanta a zuciyarsa ba, ni dai na san abin da na roƙa a sujada, kuma ba zan iya maimaita shi a gaban malamin Islamiyyarmu ba.

Muna dawowa muka tarar da Goggo a bakin labule tana leƙen hanya. Da ta hango mu sai ta manta a asibiti take, ta ɗaga murya har masu jinyar ɗakin maza suka juyo.

"Yaya! Ya zo! Wallahi ya zo, har ya kusa rabin jaka!"

Daga bayan labule muka ji muryar Kaka, ta asali, wadda akuyar maƙwabta take amsawa. "Ke, don ubanki, shela za ki yi a kasuwa?"

Baba ya zauna a bencin, ya rufe fuska da tafin hannu. Kafin magariba aka sake ɗiban jini. Likitar ta zo da sakamakon ta ce ya sauka, bai kai inda take so ba tukuna, amma yau ba maganar wankin ƙoda. Za a riƙe Kaka kwanaki ana gwadawa, za a canza mata magani, kuma daga yau duk abin da zai shiga tukunyarta sai an faɗa wa likita, ko da ruwan randa ne.

Nas ta kawo farin kunu ba komai a ciki. Kaka ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta ce wannan ko jariri aka ba sai ya kai ƙara. Sannan ta riƙe kofin da hannunta biyu ta shanye.